Baƙon da ke zuwa sau biyar a rana

Ƙaramar ƙara ce, tin-tin, kamar cokali ya taɓa kofi. Ina tankaɗen garin tuwo na fara jinta daga wayata, kuma har yau ranar ba ta fita daga raina ba. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu nake ba wa labarin.

Damina ce, ina sabuwa a aikin rajistar mata manoma. Masu zuwa ƙauyuka su kawo takardu daga Damari da Tabanni, ni kuma in shigar da sunaye da lambobin waya a kwamfuta daga ɗakina. Ofis ya ba ni na'urar intanet, Injiniya Bala ya zo daga Kaduna ya haɗa ta. Daga baya ya dawo, ya ce ya sa mata katangar tsaro: kwamfutar da wayata kaɗai ta sani, duk wata na'ura da ta ƙwanƙwasa za a hana ta shiga, a kuma sanar da ni.

To, sanarwar ce ta zo. Kafin magariba ta sake zuwa. Washegari ma haka.

Wanda ya zauna a Birnin Gwari ya san abin da sunan mutum da ƙauyensu da lambarsa ke nufi idan suka faɗa mugun hannu. Matan nan amana suka ba mu. Na kira shugabarmu, Madam Rifkatu. Ta ce doka a fili take: idan kwana uku suka cika ba a gano mai ƙwanƙwasar ba, za a ɗauke kwamfutar a mayar da aikin Kaduna.

Injiniya ya kwantar mini da hankali a waya. Ya ce tunda ana sanar da ni, katangar tana aiki ke nan, kada in kashe sanarwar don ta dame ni. Sannan ya ce, "Maman Zainab, mai wannan abin ba ya nesa da ɗakinki. Ki rubuta lokacin kowace ƙara."

Na rubuta a bayan kalanda. Na zargi mai shagon cajin waya, na zargi 'yan hayar maƙwabta, Allah Ya yafe mini. A rana ta biyu ina duba rubutun sai na ga ai na san lokutan nan: asuba, azahar, la'asar, magariba, isha'i. Wane irin ɓarawo ne ba ya zuwa sai an kusa kiran salla?

Da la'asar na zauna bakin taga. Sai ga Inna, surukata, ta taso daga ɗakinta na can ƙarshen gida da butarta, ta nufo randar da ke jikin bangona. Tana sunkuyawa, tin-tin. A wuyanta kuwa ga 'yar jakar da take rataye wayar da autanta ya sayo mata. Ashe shi ya haɗa mata da na'urarmu lokacin da ya zo hutu, tun kafin a sa katangar, don ta riƙa ganin jikokinta, bai gaya wa kowa ba. Duk sanda ta matso ɗibar ruwan alwala sai wayar ta nemi shiga.

Saura yadda zan ce wa suruka ta ba ni wayarta in bincika. Bakina ba zai iya ba. Sai na tura Zainab, 'yata mai shekara shida, ta ce kaka ta ara mata ta ga hoto. Na karanta wa Injiniya lambar jikin wayar, ya ce ita ce. Madam ta yi ta dariya har da tari, ta ce aiki na nan a hannuna, amma wayar Inna ba za ta shiga layin ofis ba. Muka goge haɗin, maigida ya riƙa saya mata data.

Da Inna ta ji labari cewa ta yi, "Ni da ko kunna abin ban iya ba, ni ce ɓarauniyar?"

Abin da na koya shi ne, kada ku raina ƙara, kada kuma ku yi saurin ɗora wa mutum laifi. Ku rubuta, ku duba, sannan ku yi magana.

Washegari gida ya yi shiru har azahar ta gota. Zainab ta leƙo madafa ta ce, "Umma, kin kashe mana ladan, yanzu wa zai riƙa tuna mana salla?"