Garwashin Inna Tabawa

A makon jiya aka so a tashi Malam Haruna daga unguwarmu ta Birnin Kudu. Ruwan damina ya cinye gidansa a wajen Basirka, ya kwaso iyalinsa da tsohuwarsa suka raɓe a kangon bayan makarantar firamare. Wasu, musamman Alhaji Sabo mai shago, suka ce ba a san asalinsa ba, ya nemi wani wurin. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, sai na tuna kakata, Inna Tabawa.

Muna yara, in an gama tuwo mukan kewaye murhunta tana gasa mana gyaɗa a toka. Kakannin wasu labarin dabbobi suke bayarwa. Ita kuwa labarin unguwa take yi, gida bayan gida, kuma da wuta take bin sa. A zamaninsu, in baƙo ya sauka, maƙwabci kan aika masa da garwashi a kasko ya hura murhun farko.

"Kai mijin nawa, bar cin gyaɗar nan ka ba ni kunne," haka take tsokanata. "Nan duk gonar dawa ce. Maƙera suka fara sauka. Da muka zo daga Gwaram da jakinmu guda, matar maƙeri ce ta aiko mana da wuta. Ni kuma na kai gidan Ɗan'azumi, lokacin shagon nasa tebur ne da sabulu da gishiri."

Daga gidan Ɗan'azumi aka kai wa malamin da ya fara karantar da yara a gindin tsamiya, inda makarantar take yanzu. Shi kuma ya kai wa wasu Fulani, waɗanda daga baya suka bar wa ƙungiyar ƙwallonmu fili. Inna ta ce da ta san ihun da za mu riƙa yi, da ta hana.

Wata rana na ce, "Inna, su maƙeran fa, wa ya ba su?"

Ta yi dariya har da tari. "Wani makiyayi mai wucewa. Ko sunansa ba su tambaya ba."

A lokacin gyaɗar ce ta dame ni. Sai da na yi furfura na gane abin da take faɗa mana: babu gidan da ya hura wutarsa shi kaɗai a unguwar nan.

Washegarin ranar da aka yi maganar korar Malam Haruna, duk da da gas muke girki, na hura gawayi na zuba a kasko, na bi ta ƙofar shagon Alhaji Sabo, wanda jikan Ɗan'azumi ne.

"Malam Isa, lafiya? Ina zuwa da wuta?"

"Wadda kakata ta kai wa kakanka ce, Alhaji. Zan miƙa ta gaba."

Ya daɗe yana kallon kaskon, don shi ma ya ci gyaɗar Inna. Sai ya ja ƙofar shago ya biyo ni.

Muka yi sallama, Malam Haruna ya fito a tsorace, yana zaton korar ce ta zo. Ya dubi garwashin ya ce, "Ai kuwa muna da ashana, Malam."

Daga cikin kangon muryar tsohuwarsa ta fito: "Karɓa, Haruna. Cewa suka yi mu zauna."