Kafa ta ɗaya ta surukina ce

Shagunanmu na jere a kasuwar Mai Wurno, kuma layin intanet ɗaya muke sha. Nawa na buga takardu ne, saboda haka ni aka ɗora wa rabon. Na je Sinnar na sayo akwatin raba layi mai kafa takwas, irin wanda ake shiga cikinsa ta kwamfuta a yanka wa kowace waya ƙarfin da za ta samu. Kowace kafa da 'yar fitilarta da ke ƙyafta ido in ana aiki.

Tun ban soka waya ko ɗaya ba rigima ta tashi: wa zai hau kafa ta ɗaya? Na yi bayani har bakina ya bushe cewa duk ramukan ɗaya ne. Aka dube ni kamar na ce liman da ladan ɗaya ne. Aka tsaya lissafin kakan wa ya riga sauka daga Sakkwato, surukina mai sayar da riɗi ya ci. Mai kyamis ya samu ta biyu, tela ta uku, ni mai akwatin aka jefa ni ta takwas.

Surukin nan nawa yana da wa, tsoho, da yaƙi ya kai Masar, yana kwance ba lafiya. Kullum bayan azahar sai ya kira shi ta bidiyo, ya jingina kwamfutar a buhun riɗi. Ba hira suke ba! Wannan na jan carbi, wancan na gyangyaɗi, har la'asar. Layin kowa kuwa ya koma tafiyar jakin da ya sha kaya.

Mai kyamis ya shigo yana huci.

"Ya zol, bawan Allah, shabaka ta mutu, layi ba ya motsi! Ka rage mishi mana. Ba kai ka riƙe akwatin ba?"

"Surukina ne fa."

"To mi? Ba sani za ya yi ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma aikin bai fi danna maɓalli ba. Amma ni da ko haɗa ido da tsohon ba na yi, in na hango shi sai in sake hanya, ni zan shaƙe masa ɗan'uwa? Na ji haushin mai kyamis, na ji haushin akwatin da ya ba ni wannan iko. Na buɗe kwamfuta, na daɗe ina kallon lamba ɗaya. Sai na gangara lamba takwas, na yanke nawa ƙarfin na raba wa sauran.

Shagona ya zama abin dariya. Takarda ɗaya sai mutum ya sha shayi ya ƙara kafin ta sauko. Rannan surukina ya tsaya a ƙofa, ya yi magana da bango kamar yadda ya saba in da ni yake.

"An ce layin wanga shago ba ya da kirki. In an matsu a zo nawa. Ta ɗaya daban take."

Na durƙusa na ce, "Na gode, Baba."

Wata azahar bayan damina, mai kyamis ya leƙo yana murna wai yau shabaka tamam, layi sai gudu yake. Na juya na dubi akwatin. Fitilu duk suna ƙyaftawa, ban da ta ɗaya, tana kunne, tsaye cak. Yau ba a kira Masar ba. Na rufe shago, na saka hula, na nufi rumfar riɗi.