Jirgin da ke Cin Tuwo

Duk faɗin Dutse Uku da ke Jos, kai har ka gangara unguwar Congo-Russia, ba a taɓa yin yaron da ya mallaki layin dogo nasa na kansa ba sai ni. A ƙarshen shekarun saba'in ne, ina ɗan firamare. Na ga samfurin a bakin wani tsohon ramin kuza da ruwa ya cike: 'yan siraran ƙarafa biyu da ciyawa ta haɗiye, ga wani ɗan tarago ya kife yana tsatsa. Na dawo gida na shimfiɗa nawa a bayan ɗakin kakata Hajjo. Wayar tayar keke ce layin, gwangwanayen kifi taragu, marafan kwalba ƙafafu. Da gwangwanin madara na yi kan jirgi, na cusa masa tsumma ina kunna wuta don ya yi hayaƙi. In ya taso, rantsuwa nake har Bukuru ana tari.

Abokaina Bitrus da Sale su ne leburori: su haƙo yashi, su loda, su sauke. Zaren da ake jan jirgin kuwa ni kaɗai ke riƙewa, don na shaida musu gado na yi, kakana Malam Audu direban jirgin kuza ne, Turawa ma sai sun cire hula suke gaishe shi. Ban taɓa ganinsa ba, abin da na sani kawai ya yi aiki a kan layin. Sauran ni na ƙarasa masa.

Da Bitrus ya gaji da dako ya ce shi ma sai ya ja, na ce su zo hira wajen Hajjo su ji da kunnensu. Bayan sallar isha muka kewaye kaskon wutarta, sanyin Jos na cizon kunnuwa, tana gasa mana dankali a toka. Na roƙe ta labarin jirgin kakana, ina ta ƙifta mata ido. Ta dube ni, ta dubi baƙina.

"To angona, ga ta nan, ta biyo layi."

Ta ce a wani bariki an yi wani jirgi da ba ya cin gawayi, sai tuwo. Ba ya fitar da hayaƙi, sai gumi. Da asuba yake sa kafaɗa a bayan tarago cike da ƙasar kuza, ya tura shi daga gindin rami zuwa wurin wanki. In hawa ya yi tsanani ya yi waƙa, in gangara ta zo ya soka itace a ƙafar taragon kada ya kwashe na gabansa. Wata rana da damina ƙasa ta yi santsi, tarago ya juyo da baya, ga mata a ƙasa ɗauke da kwanonin kuza. Jirgin nan ya tokare shi da bayansa har aka kawo ɗauki. Tun ranar bai ƙara miƙewa sosai ba.

Sale ya tambaya ina direban yake duk wannan bidiri.

"Wane direba, ɗan nan? Ai jirgin shi ne Audu. Ni ce mai gasa masa baya da ruwan zafi. Ƙurunƙus, in na ƙara gishiri wutar nan ta mutu."

Wutar ba ta mutu ba. Ni ne dai na so ƙasa ta tsage. Na kasa ɗaga ido. Bitrus bai yi dariya ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Washegari ya zo ya cire gwangwanin madarar ya ajiye gefe, ya ce yanzu jirgin ya zama na gaske, kowa ya tura da yatsa. Ni aka fara ba layi, tunda gado na yi.

Na daɗe ina jin kunyar kakana lebura ne. Sai da na girma, nauyin gida ya hau kaina, kunyar ta juya: mutum ya tare ƙarfe da bayansa, jikansa ya ga abin bai isa faɗa ba sai ya sa masa hular direba.

Shi ya sa yanzu nake ba 'ya'yana labarin da kyau. Ran nan ina cikin gaya musu yadda ya tare taragu goma da hannu ɗaya, yana cin goro da ɗayan hannun, sai yayata Talatu ta leƙo daga madafi.

"Kai dai ka bar bawan Allah ya huta. Da ransa ya tura tarago, ya mutu kuma ka bar shi da turin ƙaryarka."