Goshin Inna Uwaliya

Duk wanda ya ci kasuwar Gwarzo a shekarun baya ya san Uwaliya mai ƙuli, ko bai san sunanta ba ya san tafiyarta. 'Yar Mainika ce, aure ya kai ta Lakwaya, mutuwa ta ɗauke mijin ta bar mata yara ƙanana da turmi da kaskon suya. Da su ta yi yaƙin rayuwa. Ta soya gyaɗa, ta murje, ta kai niƙa, ta matse mai har tafin hannunta ya yi kanta, sannan ta ɗora kwano a ka ta miƙe hanya. Mata sukan ce in kina son bin Uwaliya kasuwa, to ki kwana da takalminki a ƙafa. In ta dawo kuwa, tana sallame isha'i take kifewa, ba ta ko juyi sai kiran assalatu.

Ɗanta na fari, Jibirin, a cikin wannan wahala ya buɗe ido, kuma bai taɓa yafe wa wahalar ba. Da Allah ya buɗa masa ya kafa shagon taki da maganin feshi a Kabo, ya gina gida, abin da ya fara yi shi ne ya je ya ɗauko uwarsa. Ya durƙusa a gabanta ya ce, "Inna, daga yau kin gama aiki a duniya. Ko tsinke kada ki sake ɗagawa."

Ya kuwa cika alkawari, cikawa irin ta mai taurin kai. Matarsa Badi'a yarinya ce mai ladabi har ya yi yawa. In Inna ta miƙa hannu ga tsintsiya, Badi'a ta riga ta. In ta yunƙura za ta ɗauki buta, buta ta iso da ruwan ɗumi a ciki. Ko gidan suna za a je nan bayan layi, sai an kira mashin. Aka shimfiɗa mata katifa mai kauri a ɗaki mai labule, aka jera mata kayan shayi. Mutanen unguwa suna ta sa wa Jibirin albarka, kuma ya cancanta. Sai dai babu wanda ya tambayi jikin Uwaliya ko yana son wannan gata.

Jikin ya ba da amsa a hankali. Ta yi nauyi. Gwiwoyi suka sandare. Da ta karya kumallo barci yake kwashe ta har azahar, da dare kuma ido ya bushe, ta yi ta juyi tana jan numfashi a ɗaki rufe da hayaƙin maganin sauro. Matar da take yanka daji da kaya a ka, yau daga ɗaki zuwa banɗaki sai ta dafa bango tana haki.

Wata la'asar ta kai goshinta ƙasa a raka'ar ƙarshe, ta zo ɗagowa, jiki ya ce bai san zancen ba. Ta yunƙura, ta sake yunƙurawa, ƙirjinta ya toshe. Sai da ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta ƙwala wa surukarta kira daga cikin salla. Washegari Jibirin ya shigo da farar kujerar roba, ya ajiye a kan dardumarta yana murna ya samo mafita.

Ta san salla a kan kujera ta halatta. Malamin unguwa ma ya tabbatar mata Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Amma duk sanda ta sunkuya daga kan kujerar, goshinta yana reto a iska, sai ta ji kamar ta je gaisuwa ta tsaya a zaure. Abu ɗaya take roƙo: kafin a kwantar da ita a ƙasa, ta sake kai goshinta ƙasa da kanta, ta kuma tashi da kanta.

Da hakin ya yi tsanani aka kai ta asibiti. Ma'aikaciyar jinyar da ta duba ta, wata Zulaiha, ba ta iya zagaye-zagaye ba. Ta gwada jini, ta saurari ƙirji, ta ce hawan jini ya fara leƙowa, ta rubuta magani. Sannan ta ce, "Inna, maganin nan shi kaɗai ba zai tashe ki ba. Barcin hantsi ki bar shi, in kin gaji ki ɗan kishingiɗa bayan azahar. A buɗe miki taga, a saka gidan sauro a daina kunna hayaƙin nan. Kullum da safe ki taka, kaɗan-kaɗan, kina ƙarawa. In numfashi ya tsaya miki kada ki firgita. Ki ja ta hanci har cikinki ya taso, ki sake ta baki a hankali, kamar kina hura koko mai zafi."

Jibirin ya ce, "Ta taka zuwa ina?"

"Ko'ina, Alhaji. Tafiyar ake so."

Ya yi godiya, ya sayi magani har da wanda ba a rubuta ba, ya ɗora uwarsa a mota. Zancen tafiya kuwa a ƙofar asibiti ya bar shi.

Ita ba ta bar shi ba. Ta fara da tsakar gida, amma tsakar gidan siminti ne, taku kaɗan ka ci karo da bango. Sai ta koma jiran Jibirin ya fita shago, ta zura hijabi ta sulale waje. A nan ta gamu da abin da ya fi ciwon gwiwa wuyar sha'ani, wato kirkin mutanen Kabo. A garin nan ba a ganin tsohuwa a ƙasa a wuce. Ba ta kai ƙarshen layi sai mashin ya ci birki.

"Inna, ina kwana? Ina za ki? Hau in kai ki."

"Lafiya lau, ɗan nan. Ba nisa."

"Haba Inna, ko ba nisa. Wallahi ba zan karɓi komai ba."

Ta sallami wannan da albarka, wani ya tsaya. In ta ce ba inda za ta, sai a dube ta da tausayi, don wanda ya fito ba inda za shi ai da sauran bayani. Kafin mako ya zagayo zance ya isa majalisar ƙofar shago. Maikuɗi mahauci, wanda bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi, shi ya yanka wa Jibirin a gaban jama'a. Ya ce, "Alhaji, ko abin hawan naka ya lalace ne? Jiya na ga tsohuwa tana haki a bakin titi, kai ka ce ba ta haifa ba."

Da Jibirin faɗa ya zo yi, da abin ya zo mata da sauƙi, don Uwaliya ba ta tsoron faɗa. Durƙusawa ya yi a bakin ƙofarta, idonsa ja.

"Inna, me na yi miki? Me na rage ki da shi? So kike a ce na kasa riƙe ki?"

Ba ta kiran sunansa, kunyar ɗan fari. Ta ce, "Kai wannan, ba a gabanka yarinyar asibiti ta yi magana ba?"

"Ta faɗi nata, ba ita za a zaga a gari ba. To ma in kin faɗi a hanya fa, Inna? Wa zai ɗaga ki?"

Nan ya same ta, don tambayar da take yi wa kanta ke nan duk sanda ta fita. Ta yi shiru. Ya ɗauki shirun a matsayin alkawari, ya tashi yana share ido.

Ta zauna ɗin, na 'yan kwanaki. Barcin hantsi ya dawo, hakin ya biyo shi. Wata safiya bayan ta idar da salla a kan kujera, hawaye suka zubo mata, ta ji haushin kanta ya kama ta. Ta kira Badi'a ta ce, "Akwai 'yar hanyar nan ta bayan gida da take shiga gonaki. Mashin ba ya bi. Ta nan zan riƙa bi. Ban ce ki yi wa mijinki ƙarya ba, in ya tambaye ki ki faɗa masa." Badi'a ta sunkuyar da kai. Jibirin bai tambaya ba, ita ma ba ta tanka ba.

Damina ce, gero ya fi mutum tsawo, wanda ya shiga burtalin nan ya ɓace. Da farko iyakarta wata tsamiya da ake hangowa daga gida. Ta tsaya ta hura kokonta na iska, ta juyo. Sannu a hankali tsamiya ta zama kusa. Ta hana kanta barcin hantsi da tsintar wake da ɓarar gyaɗa a ɓoye, dare ya fara karɓarta kamar da. Badi'a har mamaki take yi in ta ji minshari. Amma ƙasa, Uwaliya ba ta yarda ta gwada ba. Takan dubi darduma, ta tuna la'asar ɗin nan, ta koma kan kujera.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa. Ta wuce tsamiya, ta wuce inda ta saba juyowa, don jikin yana mata daɗi. Yaɗon wake ya harɗe mata ƙafa, santsi ya ƙarasa aikin. Ta zube a kan gwiwoyi da tafukan hannu.

Ba ta karye ba, ta ji hakan. Amma tsoro ya shaƙe ta. Ƙirjinta ya ƙulle, iska ta ƙi shiga, gero ya rufe ta ta ko'ina, ba motsin kowa. Ta yunƙura, gwiwa ta zame. Ta kama karan gero, ya tuge ya biyo hannunta. Maganar ɗanta ta dawo mata, ta ce a ranta ashe gaskiyarsa, yau ga ta a ƙasa kamar tsohuwar tunkiya. Duhu ya fara gilma mata. Da ƙyar ta tattaro hankalinta ta rufe baki, ta ja ta hanci. Kaɗan ya shiga. Ta saki a hankali. Ta sake ja. Ta daɗe a haka, rana tana hawa bayanta, har bugun ƙirjin ya lafa, ta fara jin ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a hancinta.

Sai ta ji muryoyi. Ashe da Badi'a ta ga rana ta ɗaga ba ta dawo ba, kuka ta saka ta buga wa mijinta waya. Ga Jibirin nan a guje, babbar riga a kafaɗa, takalmi ɗaya ya tsinke, manoma biyu suna biye da shi da fartanya a hannu.

"Innalillahi! Inna!"

Ya kawo hannu zai cicciɓe ta.

"Kada ka taɓa ni."

"Inna, don girman Allah..."

"Na ce kada ka taɓa ni. Ja baya. In ka ɗaga ni yau, ka sani kai za ka yi ta ɗaga ni har ranar da za ka ɗauke ni a makara."

Ya ja baya. Ɗaya daga cikin manoman, dattijo, ya ce, "Haba Alhaji, tsayawa za ka yi kana kallo? Uwarka ce fa!" Jibirin ya tsaya inda yake. Ya kai hannuwansa baya ya damƙe ɗaya da ɗaya, hawaye yana bin gemunsa. Tun da ya yi wayo bai taɓa yi mata aiki mai nauyin wannan ba.

Uwaliya ta ja numfashi har cikinta ya taso. Ta dasa tafukan hannu a laka, ta jawo ƙafar dama ta kafa. Gwiwar ta yi ƙara. Ta ɗora hannu a kanta ta danna, jikinta ya ɗago rabi, ya yi rawa, ya koma. Jibirin ya yi taku ɗaya, ta harare shi, ya tsaya. Ta huta, ta hura iska a hankali. Ta ce bismillahi, ta sake dannawa da ƙarfin da take matse tunkuza a da. Ƙafar hagu ta biyo. Ta yi tangaɗi, ta tsaya.

 Zaninta duk laka, hijabi ya karkace, tana tsaye a kan ƙafafunta tana numfashi.

Jibirin ya ce, "Alhamdu lillahi. Inna, mu je gida."

"Tsaya tukuna."

Ta dubi inda rana take, ta gyara tsayuwa ta fuskanci gabas. Sai ta lanƙwasa gwiwa, da gangan wannan karon, ta sauka a hankali, ta kai goshinta cikin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan. Ta daɗe, kafaɗunta suna girgiza.

Dattijon ya sake duban Jibirin. Jibirin ya share fuska da hannun riga, ya ce, "Bari, Baba. Za ta tashi."