Hoton Ƙafar Baba

Shekarun baya, ina aji huɗu a sakandare, ni ke jinyar mahaifina. Ciwon suga ya buɗe masa gyambo a ƙafar hagu. Mahaifiyata ta rasu, yayata tana aure a Ƙonni ta Nijar, gidan ya rage daga ni sai shi. Ni ke dama kunu, ni ke wanke ciwon, ni ke riƙe shi zuwa bayan gida. Makaranta kuwa sai ranar da ya tashi da sauƙi.

Da muka je asibiti a Sakkwato likitan ya tausaya mana. Ya ce ba sai mun riƙa shan wahalar mota daga Illela ba, in dinga ɗaukar hoton ciwon ina tura masa, shi zai faɗi abin yi. Na gyaɗa kai kamar wani mai waya. Abin da ke aljihuna 'yar ƙarama ce mai tocila, an ɗaure bayanta da roba.

Baba ya yi zamaninsa yana fataucin albasa, mutum ne da ko ƙofar gida ba ya fita babu babbar riga. Da ƙyar ya yarda. Ya ce, "Ƙafar kaɗai za a ɗauka. Ban da fuskata."

Ɗan baffana, mai shagon cajin waya kusa da tasha, shi ke da babbar waya. Na roƙe shi aro. Ya yi dariya ya ce, "Ka ma san inda ake taɓawa? Bari in zo in ɗauka da kaina." Gaskiyarsa, ban sani ba. Ya zo, na ɗaga ƙafar, ya ɗauka, ya tura wa likita. Na raka shi har titi ina zuba godiya.

Bayan 'yan kwanaki sai ga 'yan dubiya suna ta shigowa, har waɗanda suka daɗe da manta hanyar gidanmu. Wani tsohon abokin kasuwancin Baba ya ce, "Alhaji, mun gan ka cikin waya. Ba mu san abin ya kai haka ba." Ya miƙo masa wayar. Ga Baba kwance ba riga, haƙarƙari a waje, ga tasar fitsari a gefe, ga ni riƙe da ƙafa. A ƙasa an rubuta a taimaka wa wannan bawan Allah, ba shi da kowa.

Baba ya jira sai da suka watse. Sannan ya dube ni ya ce, "Da kai anka kai tsiraicina kasuwa?"

Na ruga shagon ɗan baffana ina kuka. Ko a jikinsa. "To mi na laifi? Taimako na nema muku. Ba ga mutane na zuwa ba?" Na ce ya goge. Ya ce abin da ya riga ya tsallaka iyaka, ina zai kamo shi? Da gaske kuwa, a wayar maƙwabciyarta yayata ta fara gani.

Daga ranar Baba ya hana a sake ɗaukar ƙafarsa. Ya ga waya a hannun mutum, sai ya ja bargo. Na kira likita da 'yar wayata ina ta kwatance, ya ce sai ya gani da idonsa. Baba ya ƙi hoto, ya ƙi tafiya. Sai da wari ya cika ɗakin muka ɗauke shi dole, aka yanke ƙafar daga gwiwa. Bai sake leƙa ko zaure ba har ya rasu da damina.

Shi ya sa in na ji ana ce wa yaro mai jinya "ai turawa kawai za ka yi", raina yake ɓaci. Ba wanda ke tambayarsa da wayar wa zai tura, kuma me mai wayar zai yi da abin da ya gani.

Da na mallaki tawa wayar, wani ya turo mini hoton nan tare da addu'ar Allah Ya jiƙan Alhaji. Na bincika wajen dangi kaf, Baba ba shi da wani hoto a duniya sai shi. Ba na iya kallonsa, kuma har yau na kasa gogewa.