Baba Bawah da Tsohon Jikin Bango

Kullum da safe Baba Bawah kan shiga jirgin ƙasa daga Al Wakrah ya sauka Mushairib, ya gyara hular gadinsa, ya tsaya gefen wani zane a gidan baje kolin da yake aiki a nan ƙasar Larabawa. Tsohon aikin Ingila ne na fentin mai, an zana mutanen wasan kwaikwayonsu na dā: dattijo riƙe da kambin sarauta, budurwa ta juya masa baya, ga wawan fada yana dariya.

Ni tambayarsa ce ta kama ni. Ranar da na fara zuwa ya ce, "Malam, yarinyar nan fushi ta yi, ko korar ta aka yi?" Na ce wallahi ban sani ba. Ashe kowa haka yake tare shi, Bature da Balarabe. Me ya haɗa mutumin Zangon Kumasi da rigimar gidan wani sarkin fenti?

Awawu mai shara ce ta ba ni labarin ranar wata walima da aka yi a gidan. Ƙanin kafil, wato maigidan da bizar ma'aikata ke hannunsa, ya nufo ɗakin zanen da kaskon turaren wuta, yadda ake karrama baƙi a nan. An gargaɗi ma'aikata cewa hayaƙi na ɓata fenti, amma wa zai hana ɗan gida? Bawah ya tare ƙofa.

"Yalla, matsa!" in ji mutumin.

Bawah ya dafa ƙirji. "Ranka ya daɗe, ni ka turara ni. Tsohon nan na jikin bango ba ya son hayaƙi."

Awawu ta ce kalma ɗaya daga bakin mutumin ta isa a soke wa Bawah biza. Mutumin ya harare shi, ya kaɗa masa hayaƙin a gemu, ya juya.

Kai ne, Baba, ka yi kasada da abincinka saboda mutanen zane da ko sallama ba sa amsawa. Mun gode, Allah ya saka. Masu gadin da ke tasowa, ku riƙe amana haka.

Watan nan Baba Bawah zai koma gida. Da na matsa masa da tambayar dalili, sai ya ce, "'Yata Mubarika tana rarrafe na baro ta. An yi aurenta ba na nan. Yanzu in na kira, ba kullum take ɗauka ba."

Ya dubi budurwar jikin bango ya ce, "Wani Bature ya ce a ƙarshen wasan ita ta dawo wa tsohon. Ni ba zan jira ba, Malam. Ni zan je."