Pad na Biyu da Malama Rashida Ta Ce Sai An Saya

Da safen nan ina tsaka da dama koko wayata ta yi ƙara. Shugabar makarantarmu ce. Ta ce, "Binta, sai haƙuri. Allah ya yi wa Malama Rashida rasuwa da asuba."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Har ta kashe wayar ludayin na hannuna. Zazzaɓin kwana uku ne fa. Ranar Alhamis muka rabu da ita a bakin get tana yi min tsiya.

Yawancinku kun san ta a matsayin malamar kwamfuta a makarantar 'yan mata da muke koyarwa, nan kusa da Minjibir. Ni Hausa nake koyarwa, kuma abin da na sani a kwamfuta bai wuce kunnawa da kashewa ba. Duk wadda wayarta ta rikice a staf rum, Rashida ake miƙa wa. Za ta gyara, amma sai kin sha faɗa tukuna. "Hotunan biki dubu a waya ɗaya, Malama, ke ce mai ɗaukar hoton garin?"

Ba ta iya lallashi da baki ba. Da aiki take yi.

Akwai abin da ta yi wa gidana da ban taɓa faɗa a nan ba. Yau zan faɗa, na kuma nemi izinin maigidana kafin in rubuta.

Shekara biyu ke nan da maigidan nawa, Baban Nana, ya yi haɗari a babur, yana dawowa da taki daga kasuwa. Ƙashin baya ya taɓu, ƙafafu suka daina aiki. Wata biyun da na yi a asibiti ina jinyarsa, Rashida ce ta riƙe min azuzuwana. Malamar kwamfuta tana koyar da rubutacciyar waƙa, ɗalibai har yau suna ba ni labari suna dariya.

Da muka dawo gida ya shige ɗaki, bai sake fitowa ba. Mutumin da shi ne mai tsaron bayan ƙungiyar ƙwallon ƙauyenmu, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, sai ya koma kallon rufin ɗaki. Keken da aka ba shi a asibiti ya zama wurin rataye kaya. Abokansa su zo ƙofar gida su yi sallama, ya ce in aika a ce yana barci. Ba ya so a gan shi a haka. A hankali suka daina zuwa, ban kuma ga laifinsu ba.

Wallahi ba ƙafafun ne suka fi tsorata ni ba. Shirun ne. Sai a wuni bai ce komai ba sai "to" da "a'a".

Kafin haɗarin yana son gem ɗin ƙwallo kamar me. In ya shiga gari sai ya tsaya gidan gem ya buga. Sai na ce bari in sayar da tumakina biyu in haɗa da gyaɗar da na ajiye, in saya masa kwamfutar gem, ko zai samu abin ɗebe kewa. Abin da nake da shi ke nan, in na yi kuskure babu na sakewa.

Na samu Rashida na nuna mata hoton wata a waya, mai fitilu ja da kore. Ta kalla ta miƙo min wayata. Ta ce, "Wannan ta fi ƙarfin tumakinki. Haɗawa za mu yi ɗaya bayan ɗaya. Amma sai na ga gidan tukuna."

Na ce me ya haɗa gida da kwamfuta?

Ranar Asabar sai ga ta. Ba ta ko zauna ba ta ce in nuna mata solarmu. Faranti biyu ne da batir ɗaya, don wutar gwamnati a ƙauyenmu sai dai a ji labari. Ta duƙa ta karanta rubutun jikin inbata, akwatin da ke juya wutar batir zuwa ta gida, ta rubuta wani abu a tafin hannunta. Ta gaisa da Baban Nana daga bakin ƙofa, ya amsa da ƙyar. Da za ta fita ta tsaya a zaure, ta tura ƙofar ɗan shagon da ke jikinsa, inda muke tara buhunan gero da fatanya.

Ta ce, "A nan za a ajiye ta."

Na ce, "A'a, a ɗakinsa dai. Mutumin da ba ya fitowa?"

Ta ce, "Binta, wane namiji ne zai keta gidan matar aure ya shiga har ɗaki don buga gem? In kika sa ta a ɗaki, kin ƙara masa dalilin zama a ciki."

Ni dai ban yarda ba.

Sati na gaba muka hau mota muka shiga Kano, kasuwar 'yan kwamfuta. Mai shagon da muka shiga ya ga mata biyu da hijabi da takalma duk ƙasar gona, sai ya ɗauka ya samu na rana. Ya ciro wani ƙaton katin hoto, wato abin da ke zana duk abin da ake gani a allo, mai fanka uku. Ya ce, "Hajiya, wannan shi manyan yara ke sawa. Za ki ga har zufar ɗan wasa."

Ni kuwa har na miƙa hannu. Na ce shi nake so, ko da duk kuɗin zai cinye. Mutumin da ya rasa komai, ai ya cancanci abu mai kyau guda ɗaya.

Rashida ta juya kwalin ta karanta, ta buɗe tafin hannunta kamar har yanzu rubutun na nan. Ta ce, "Wannan in an kunna shi, solarku za ta ɗauke kafin a je hutun rabin lokaci. Ɗan'uwa, mayar da abinka. Kawo ƙarami, tokumbo na hannu, wanda ba ya shan wuta. Kuma jona shi za ka yi a gabana ya yi aiki rabin awa, in taɓa in ji zafinsa."

Ya kalle ta, ya gyara tsayuwa. Daga nan ya koma ce mata Malama.

Haka ta bi sauran kayan. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta ɗauki tsohon yayi, ta ce ƙwallo ba ta buƙatar fiye da haka. Akwatin da za a zuba kayan ciki ta zaɓi wani mummuna mai ƙarce a gefe, ta ce ba a buga gem da kwalliya. Ram, ɗan allon da ke ƙara wa kwamfuta sauri, ɗaya ta saya ta bar gurbin na biyu, wai sai kaka. Abu ɗaya ne ta ƙi tokumbo a kansa, ta ƙi mai araha: fawa, akwatin da ke raba wa sauran kayan wuta. Ta ce, "Shi ne in ya lalace ba ya tafiya shi kaɗai, sai ya ja 'yan'uwansa."

Da ɗan abin da ya rage na ce to a ƙara a ɗauko katin da ya ɗan fi wannan. Ta ce a'a, pad za a ƙara, abin nan da ake riƙewa ana dannawa. Biyu za a saya.

A nan raina ya ɓaci. Na ce, "Hannu nawa gare shi? Wa zai buga da shi, ni?"

Ta ce, "Katin zai sa hoto ya yi kyau, shi kaɗai zai kalla. Pad na biyu mutum zai kawo masa. Wanne ya rasa, hoto ko mutum?"

Har muka iso gida ban yi mata magana ba. Ko a jikinta. Gyaɗa ma ta saya a tasha tana ci tana miƙo min, ina kawar da kai.

Ta haɗa kwamfutar a kan tabarma a shagon, bayan mun kwashe buhunan. Ta kunna ta tashi lafiya lau. Na shiga na gaya wa Baban Nana. Ya ce a kawo masa ɗaki. Na ce Malama ta ce wayar solar ba za ta kai ba. Allah ya yafe min, ƙarya ce, za ta kai. Ya juya fuska bango.

Kwana tara kwamfutar nan na rufe da zani. Kullum in wuce ta zaure in tuna tumakina, in ji haushin Rashida ya taso min.

A rana ta goma Rashida ta zo da la'asar bayan an tashi daga makaranta. Ta tura ƙofar shagon, ta miƙo min pad ɗaya ta riƙe ɗaya, ta ƙure ƙarar sifika. Ihun 'yan kallo ya cika gidan. Ni ban san inda ɗan wasana yake ba ma, sai zagaye yake a kusurwa. Can ta ɗaga murya yadda za a ji a cikin gida. "Baban Nana, don Allah wanne ake dannawa a buga raga? Matarka ta ci kanta sau biyu."



Muka ci gaba. Ta sake ɗaga murya. "Na ga ta kuma ba mai tsaron gida jan kati. Haka ake yi?"

Sai muka ji daga ɗaki, "Ba ita ke ba da kati ba, alƙalin wasa ne. Binta, sauke kayan nan daga kan keken."

Rabon da in ji jimla mai tsawon wannan daga bakinsa har na manta. Na kalli Rashida, ta sunkuyar da kai tana gyara wayar da ba abin da ya same ta. Daga baya na gano ta iya gem ɗin sarai, ta fi ƙannenta maza ma.

Ta sa takalminta ta tafi kafin in turo shi. Ashe a hanya ta tsaya wurin Ɗanlami, babban abokinsa, ta ce masa akwai pad da ba mai riƙewa a gidan su wane.

Washegari Ɗanlami ya yi sallama. Wannan karon ba a ce ana barci ba.

Yau wata takwas ke nan. Duk la'asar in an dawo daga gona shagon nan cika yake. Ana musu, ana tsiya, ana shan fura. Hoton ba ya nuna zufar kowa, ba kuma wanda ya taɓa tambaya. Pad na biyun har maɓallansa sun goge.

Sai dai abu ɗaya ya rage. Iyakarsa shagon. Tsakanin ƙofar shagon da ƙofar gida bai fi taku biyar ba, amma bai taɓa ƙetarewa ba. Ko masallacin da ke kallon gidanmu.

Ranar Alhamis ɗin nan a bakin get ta tambaye ni, "Ya fita?" Na ce har yanzu. Ta ce, "Zai fita. Kada ki tura shi, ke kin fiya gaggawa. In kun cire gyaɗa ki zo mu je mu cike gurbin ram ɗin nan, kuma wannan karon ke za ki sayi gyaɗar tasha." Ta ce kanta na ɗan sara mata, ta hau adaidaita.

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Da na ajiye ludayin ɗazu na shiga na gaya masa. Ya ɗaga ido ya kafa wa rufin ɗaki, har tsohon tsoron nan ya dawo min. Sai ya ce, "Ƙarfe nawa za a yi jana'iza?" Na ce sha ɗaya, a ƙofar gidansu a Minjibir.

Ya ce, "Kira min Ɗanlami ya samo adaidaita. Ki ɗauko min hulata."

Hular na ƙasan akwati tun ranar haɗarin. Na kakkaɓe ta na ba shi.

Ɗanlami ya kama keken zai tura, ya ce masa ya bari. Da hannunsa ya murza tayoyin, ya wuce ƙofar shagon, ya fita. Ina laɓe a zaure ina kallo. Dattawan da ke zaune a gindin masallaci suka miƙe gaba ɗaya. Bai sunkuyar da kai ba, ya ba kowa hannu.

Sun tafi yanzu. Ni ma hijabina zan sa in bi bayansu gidan rasuwar.

Rashida, ya fita. Ban tura shi ba.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka kabarinki ya yalwata shi. Yadda kika fito da bawansa daga ƙunci, Allah kada ya bar ki cikin ƙunci. Ya ba mahaifiyarki da maigidanki da 'ya'yanki haƙuri, ya raya abin da kika bari.

Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san ta ba, ya tsaya ya yi mata addu'a kafin ya wuce. Sunanta Rashida.